Bulalar Aro: Yadda 'Yan Ci Gaba a Amurka Suke Zane Junansu da Zancen Zubar da Ciki

A watan Afrilun 2017 an yi wata 'yar hatsaniya a garin Omaha na jihar Nebraska, wadda har yau nake komawa kanta duk sanda aka ɗauko zancen rikicin cikin gida na jam'iyyar Dimokurat ta Amurka. Zaɓen magajin gari za a yi, kujerar da aikinta bai wuce gyaran titi da kwashe shara da albashin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ba. Ɗan takarar Dimokurat, wani matashi mai suna Heath Mello, ya samu Sanata Bernie Sanders zai taho takanas ta Kano ya ɗaga masa hannu. Tun kafin a gama jera kujerun taro wuta ta tashi. Aka tono cewa lokacin da Mello yake ɗan majalisar jiha ya sha goyon bayan dokokin taƙaita zubar da ciki. Shugabar ƙungiyar NARAL ta masu fafutukar 'yancin zubar da ciki, Ilyse Hogue, ta fito ta yi wa jam'iyyar wankin babban bargo. Shugaban jam'iyya na ƙasa, Tom Perez, wanda a lokacin yake zagayen sasanta 'ya'yan jam'iyya tare da shi Sanders ɗin, ya fitar da sanarwa cewa goyon bayan 'yancin mace a kan cikinta wajibi ne ga duk ɗan Dimokurat, babu ciniki a ciki. Sanders kuwa ya tsaya a kan bakansa, ya ce ba a korar mutum daga tafiya don an saɓa da shi a magana ɗaya. A watan Mayu Mello ya sha ƙasa a hannun Jean Stothert ta jam'iyyar Rifablikan.

Bari in faɗi inda nake tsaye tun da wuri, don kada a karanta ni a baibai. Ni ba mai goyon bayan a buɗe ƙofar zubar da ciki ba ne. A kan fiƙihun Malikiyya na tashi, inda aka tsaurara a wannan babi tun daga farkon shigar ciki, sai dai lalurar ceton ran uwa, wadda dokar Final Kod ta Arewa ma ta yarda da ita. Abin da ya ja hankalina a rikicin Amurkawan nan shi ne halin 'yan siyasa, kuma wannan hali ba baƙo ba ne a wurinmu.

Shekara 5 bayan hatsaniyar Omaha, daren 2 ga Mayun 2022, aka kwarmata daftarin hukuncin Kotun Ƙoli da ya nuna za a soke hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar. 'Yan Dimokurat suka yi ta kumfar baki, saƙonnin neman gudummawar kuɗi suka cika wayoyin magoya baya. Kwana 2 kacal bayan haka, Jim Clyburn, na 3 a jerin shugabannin jam'iyyar a Majalisar Wakilai, ya sauka a San Antonio ta jihar Texas domin taya Henry Cuellar yaƙin zaɓen fidda gwani. Wane ne Cuellar? Shi kaɗai ne ɗan Dimokurat a Majalisar Wakilai da ya ƙi kaɗa wa ƙudurin kare 'yancin zubar da ciki ƙuri'a a watan Satumban 2021. Kakakin majalisa Nancy Pelosi ma ta tsaya masa. Abokiyar karawarsa, wata matashiyar lauya mai suna Jessica Cisneros, ita ce 'yar takarar ɓangaren Sanders da Alexandria Ocasio-Cortez. Sai aka sake zama: waɗanda jiya suke cewa magana ɗaya ba ta isa a kori mutum ba, yau su ne suke cewa abin kunya ne jam'iyya ta tsaya wa mai adawa da zubar da ciki. Waɗanda suka ce babu ciniki, sai ga su suna karanto darasin cewa jam'iyya babbar rumfa ce, tana ɗaukar kowa. Cuellar ya tsira da ratar ƙuri'a 289.

Don adalci, ba kowa ne ya sauya riga ba. NARAL ta yaƙi Mello, ta kuma yaƙi Cuellar. Pelosi ma tun a 2017 ta ce mutum zai iya zama ɗan Dimokurat yana adawa da zubar da ciki, haka kuma ta tsaya a 2022. Waɗannan biyun ina ganin girmansu duk da sun yi hannun riga. Amma rundunar magoya baya, masu rubutu da masu sharhi da sojojin baka na intanet, kallon ɗan takara suke fara yi. Idan nasu ne, laifinsa tudu ne da za a taka a wuce. Idan na ɗaya ɓangaren ne, sai a ruga a aro bulalar zubar da ciki a zane shi, a mayar da ita ma'ajiya sai wani zaɓen.

Duba ma 2016. Hillary Clinton ta ɗauki Sanata Tim Kaine a matsayin mataimaki, ɗan Katolika da bai taɓa ɓoye cewa shi a karan kansa ba ya son zubar da ciki ba, kuma ya daɗe yana goyon bayan dokar Hyde ta 1976 wadda ta hana kashe kuɗin gwamnatin tarayya a kan aikin. Ƙungiyoyin mata suka ce sun gamsu da yadda yake kaɗa ƙuri'a a Majalisar Dattawa, aka wuce wurin. Mutumin da zai gaji shugabar ƙasa idan ta Allah ta kasance an yi masa uzuri, amma mai neman kula da kwatocin Omaha ba a yi masa ba. A farkon shekarar kuma, da ƙungiyar Planned Parenthood, mai asibitocin lafiyar mata da ake zubar da ciki a wasunsu, ta mara wa Clinton baya, karon farko da ta taɓa ɗaukar ɓangare a zaɓen fidda gwanin shugaban ƙasa, Sanders ya saka ta cikin jerin masu riƙe da madafun jam'iyya da yake yaƙa. Maganar ta yi wa mata da yawa zafi, don a garuruwa da dama asibitocin ƙungiyar ne wurin da talaka take zuwa gwajin sankarar mahaifa. Idan aka ƙara komawa baya zuwa Mayun 2008, NARAL ɗin nan ce ta zaɓi Barack Obama a kan Clinton, matan da suka yi shekaru suna tare a fafutuka ɗaya suka koma jifan juna da kalmar cin amana. A wannan karon duka 'yan takarar biyu ra'ayinsu ɗaya ne a kan zubar da ciki. To a kan me ake faɗan, in ba a kan wanda zai riƙe jam'iyya ba?

Na taɓa ba wani kawuna wannan labari a zaurensa bayan sallar isha'i. Dattijo ne da ya yi PRP tun yana saurayi, har yanzu akwai hoton Malam Aminu Kano da ya koɗe a jikin bangon, kusa da kalandar da ta shekara 3 ba a sauya ba. Ya saurare ni har na gama, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Ɗan nan, ai Santsi da Taɓo kake ba ni labari da sunayen Turawa."

Na ce, "Kawu, ai su a kan aƙida suke faɗa."

Ya yi dariya har da tari. "Mu ma haka muka ce. Kowa ya rantse shi ne mai kishin talaka na gaskiya. Mun fi jin haushin junanmu a kan yadda muke jin haushin NPN. Akwai abokina da muka sha ɗauri tare, shekara 2 ba mu gaisa ba."

Kawu bai yi ƙarya ba. A 1980 PRP ta dare biyu, gwamnoninta Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna a gefe guda ('yan Santsi), uwar jam'iyya da Malam a ɗaya gefen ('yan Taɓo), a kan zaman da gwamnonin suke yi da takwarorinsu na sauran jam'iyyun adawa. A watan Yunin 1981 majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe. Rimi ya koma NPP ya faɗi zaɓen 1983 a hannun Sabo Bakin Zuwo, ƙarshen shekarar kuma soja suka naɗe tabarmar gaba ɗaya. Ba ina cewa abubuwan biyu daidai suke ba. Amma cutar iri ɗaya ce: masu neman sauyi sun fi kowa saurin kafirta junansu a siyasance, domin kowannensu yana jin shi ne mai riƙe da ainihin gaskiya, ɗan'uwansa kuwa ɗan kwangila ne.

Yayin da ake wannan, ɗaya ɓangaren aiki yake yi. Masu ra'ayin riƙau na Amurka su ma suna da nasu rigingimun, amma a kan wannan magana sun yi haƙurin mai haƙar rijiya. Tun 1982 suka kafa ƙungiyar lauyoyi ta Federalist Society, suna rainon ɗalibai har su zama alƙalai. A 2010 suka kwashe majalisun jihohi da dama, inda ake rubuta dokokin da za a kai kotu don a gwada ƙarfin Roe. Da aka zo 2016, Kiristoci masu tsananin riƙo da addini suka kalli Donald Trump, mutumin da ya yi aure 3 kuma ya taɓa cewa a bainar jama'a shi mai goyon bayan 'yancin zubar da ciki ne, suka toshe hanci suka zaɓe shi, saboda ya ba su jerin sunayen alƙalan da zai naɗa. Kujera ɗaya ma tana nan a buɗe a Kotun Ƙoli tana jira: Mai Shari'a Antonin Scalia ya mutu a watan Fabrairu, shugaban masu rinjaye na Rifablikan a Majalisar Dattawa, Mitch McConnell, ya ƙi ko sauraren Merrick Garland da Obama ya gabatar.

Jihohi 3 ne suka raba gardamar zaɓen, Michigan da Wisconsin da Pennsylvania, kuma ratar Trump a cikinsu baki ɗaya ba ta kai ƙuri'a dubu 80 ba. A kowace ɗaya daga cikinsu ƙuri'un da Jill Stein ta jam'iyyar Green ta samu sun fi ratar yawa. Wannan lissafi shi ne makamin da mutanen Clinton suke sara da shi har gobe, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ko da yake ba duk wanda ya zaɓi Stein ne zai zaɓi Clinton ba ko da an cire sunanta daga takarda. Trump ya naɗa Neil Gorsuch a 2017, Brett Kavanaugh a 2018, Amy Coney Barrett a 2020, saura kwana 8 zaɓe. Ranar 24 ga Yunin 2022 hukuncin Dobbs, wanda ya soke na Roe, ya fito, aka mayar da maganar hannun jihohi.

Sai dai masu ɗora laifin duka a kan yaran Sanders sun manta da nasu kason. Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg ta haura shekara 80, ta yi fama da sankara fiye da sau ɗaya, lokacin da Obama yake mulki kuma jam'iyyarsa take da rinjaye a Majalisar Dattawa. An yi ta yi mata hannunka mai sanda ta sauka a naɗa wata mai irin ra'ayinta. Ta ƙi, masoyanta kuma suka ce duk mai wannan magana raina mata yake yi. Ta rasu a kan kujera a watan Satumban 2020, Barrett ta gaje ta. Obama da kansa ya yi wa Planned Parenthood alkawari a 2007 cewa dokar tabbatar da 'yancin zubar da ciki ce farkon abin da zai sa wa hannu. A watan Afrilun 2009, yana kan mulki, ya ce ba ita ce a sahun gaba ba. Shi kuwa Joe Biden ya shafe shekaru kusan 40 yana goyon bayan dokar Hyde, sai a watan Yunin 2019, cikin 'yan kwanaki da matsin 'yan takara ya yi yawa, ya juya. Ban san wani da ya yarda cewa nazari ne ya sauya masa tunani a cikin makon nan ba.

Akwai hujja mai nauyi a hannun waɗanda suke cewa babu ciniki, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. Suna cewa kullum aka tashi sulhu, haƙƙin mata ake ɗorawa a faifai, ba a taɓa cewa a yi rangwame a kan albashin ma'aikata ko 'yancin baƙar fata don a faɗaɗa rumfa ba. Suna kuma da misali daga Nebraska ɗin nan dai. Sanata Ben Nelson, ɗan Dimokurat mai adawa da zubar da ciki, yana cikin 'yan jam'iyyar 4 da suka amince da naɗin Samuel Alito a Kotun Ƙoli a 2006, kuma Alito ne ya rubuta hukuncin Dobbs. Joe Manchin na West Virginia ya zaɓi Gorsuch da Kavanaugh. Wanda ya ce irin waɗannan mutane ba su da illa ga manufar, bai faɗi gaskiya ba.

Amma kuma Nelson ɗin ne ya zama ƙuri'a ta 60 da ta tsallakar da dokar inshorar lafiya ta Obama a watan Disambar 2009, dokar da ta kai miliyoyin mata talakawa gaban likita. Da ya bar kujerar, Deb Fischer ta Rifablikan ce ta hau, ta kuma zaɓi duka alƙalan Trump. Ba don kujerar Manchin ba, da Dimokurat ba su da rinjayen da suka naɗa Ketanji Brown Jackson a Kotun Ƙoli da shi a 2022. A Louisiana, Gwamna John Bel Edwards ya sa hannu a dokar hana zubar da ciki da zarar an ji bugun zuciyar ɗan tayi a 2019, kuma shi ne dai ya faɗaɗa tallafin lafiya na Medicaid a 2016 ga dubban ɗaruruwan marasa galihu. Duk wanda ya san Louisiana ya san ɗan Dimokurat mai ra'ayin mutanen Kalifoniya ba zai ko kusanci gidan gwamnatin jihar ba.

Shi ya sa nake ganin tambayar da suke yi wa junansu, wato ko za a karɓi mai adawa da zubar da ciki a jam'iyya ko ba za a karɓa ba, tambaya ce da aka gina a karkace. Kujera ta bambanta da kujera, gari ya bambanta da gari. Sanata yana tantance alƙalai, magajin gari ba ya yi. Lokacin da Marie Newman ta kayar da Dan Lipinski a zaɓen fidda gwani na 2020 a yankin Chicago, mazaɓa ce da Dimokurat suke da tabbacin ci, mutanenta kuma sun sauya sun bar wakilinsu a baya, don haka ban ga abin zargi ba. Kudancin Texas, inda Katolika 'yan asalin Meziko suka fi yawa, wani lissafin ne daban. Jam'iyyar da ta san abin da take yi za ta zauna ta fitar da ma'auninta tun kafin ta san ɗan gidan wa zai tsaya. Su kuwa sai an buga hoton ɗan takara sannan kowa yake tuna aƙidarsa.

Masu zaɓe ma sun gano wannan wasa, suka ba su amsa a 2024. Bayan Dobbs an yi ƙuri'ar raba gardama a jihohi da dama, masu son a bar ƙofar a buɗe suka yi ta cin nasara har a inda ba a zata ba: Kansas a watan Agustan 2022 da kusan kashi 59 cikin 100, Ohio a Nuwamban 2023 da kusan kashi 57. Dimokurat suka ɗauka sun tsinci dami a kala, Kamala Harris ta mayar da maganar ginshiƙin yaƙin neman zaɓenta. Ranar zaɓe mutanen Arizona da Missouri da Montana da Nevada suka amince a kare 'yancin zubar da ciki a tsarin mulkin jihohinsu, a kan takardar kuma suka dangwala wa Trump. A Florida kashi 57 suka amince, sai dai doka tana neman 60, Trump kuma ya lashe jihar cikin ruwan sanyi. Abin da muke kira shinkafa da wake ke nan, jam'iyya tana ta kiran sak. Matar da take son a bar wa likita da majinyaciya hukunci, ita ce dai take kukan tsadar kayan masarufi da kuɗin haya, ta samu hanyar raba ƙuri'arta biyu ta kuma raba.

A Dearborn ta jihar Michigan, garin da Larabawa da Musulmi suka fi yawa, wata ɓarakar ce ta fito. Mutanen da suka daɗe suna zaɓen Dimokurat duk da ba su taɓa jin daɗin matsayinta a kan zubar da ciki ba, suka ce su ma suna da magana ɗaya da babu ciniki a kanta, wato Gaza. Fiye da mutum dubu 100 a jihar suka ƙi zaɓen Biden a fidda gwanin watan Fabrairu, a Nuwamba kuma Trump ya zo na ɗaya a garin, Stein ta kwashi kaso mai tsoka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne waɗanda suka fi kowa zagin mutanen Dearborn da cewa magana ɗaya ta rufe musu ido, da yawansu su ne masu cewa babu ciniki a 2017.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Akwai ruwansa. Tun 1984, zamanin Ronald Reagan, Amurka take da wata ƙa'ida da ake kira manufar Birnin Meziko, wadda take hana tallafinta ga duk ƙungiyar waje da take aikin zubar da ciki ko take ba da shawara a kansa, ko da da kuɗin wani take yi. Bill Clinton ya soke ta a 1993, George Bush ƙarami ya dawo da ita a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya dawo da ita a 2017 ya kuma faɗaɗa ta ta shafi kusan duk tallafin lafiya, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake dawo da ita a watan Janairun 2025. Wani zai yi murna da ƙa'idar, wani zai yi baƙin ciki. Ko ma wanne ne, ƙungiyoyin da suke aikin awon ciki da tazarar haihuwa da maganin ƙanjamau a ƙasashenmu suna sauya tsarinsu ne gwargwadon yadda wasu 'yan dubban mutane a Wisconsin suka huce ko ba su huce ba daga fushin zaɓen fidda gwani.

Cuellar dai ya sake cin zaɓensa a 2024, a mazaɓar da Trump ya lashe, duk da tuhumar cin hanci da take kansa a lokacin. A Louisiana, Jeff Landry na Rifablikan ya gaji Edwards a farkon 2024. A Omaha kuwa Jean Stothert ta ci gaba da zama a kujerarta shekara 8 bayan ta kayar da Mello, sai a watan Mayun 2025 wani ɗan Dimokurat, John Ewing, ya kayar da ita a zaɓe. Da na gaya wa Kawu wannan na ƙarshen, tambaya ɗaya ya yi mini, ko shi sabon magajin garin ɗan Santsi ne ko ɗan Taɓo.